In Ji Wa? Hirar Madogara a Kafin Hausa

Mu nan ƙasar Haɗejiya ba a kawo mana magana tsirara. Ka shigo majalisa bayan la'asar ka ce taki ya sauka, ko ka ce gwamnati za ta ɗauki malamai aiki, kafin ka gyara zama wani ya jefo maka tambaya: "In ji wa?" In ka ce a rediyo ka ji, a ce wace tasha, Freedom ta Dutse ko Sawaba ta Haɗejiya, labaran safe ko na yamma? In ka ce wani ne ya gaya maka, a ce shi ɗin ganau ne ko jiyau? Mata ma a gidan suna haka suke yi: "Ke Yaya, a bakin wa kika ji?" Wanda ya saba kawo "an ce, an ce" kuwa, tun yana magana ake kallon juna, har ta kai ko gaskiya ya faɗa sai an nemi mai mara masa baya. Wannan hali namu ne, gado ne, kuma hali ne mai kyau.

Shi ya sa abin da 'ya'yanmu ke yi a kundayen kammala karatu ya zama abin hira a garin nan. Tun da aka kafa jami'ar jiha a Kafin Hausa a 2013, wadda daga baya aka sa mata sunan Sule Lamido, gari ya sauya kama. Gidajen haya sun yawaita, masu abinci da 'yan acaɓa sun samu kasuwa, shagunan buga takardu sun jeru. Da ƙarshen zango ya gabato, sai ka ji janareta na ruri har dare, ɗalibai sun cika benci, kowa da wayarsa a hannu, kowa na jiran a buga masa furojet. Wasu 'yan gida ne, daga Bulangu ko Sarawa, wasu daga Auyo, Kaugama, Jahun, wasu ma daga Kano. Haka abin yake a Dutse, inda Jami'ar Tarayya ta fara tun 2011, haka a Kwalejin Ilimi ta Gumel, haka a Kazaure. Ilimi ya zo mana har ƙofar gida, mun gode Allah.

To amma ka ɗauki ɗaya daga cikin kundayen da yaranmu ke kawowa gida daga ko wace makaranta, ka buɗe shafukan ƙarshe inda aka rubuta "Manazarta". Littattafai dai za ka same su tsaf, da sunan marubuci da shekara da maɗaba'a. Da ka zo kan abin da aka ciro daga waya, sai ka ga an rubuta "Intanet, 2023". A ƙarƙashin taswira ko jadawali kuma, "Madogara: Google". Shi ke nan. Yaron da ya rubuta haka shi ne fa wanda in ka gaya masa an sayar da ɗan wasan ƙungiyar ƙwallonsa, ba zai yarda ba sai ka nuna masa a wane shafi ka gani.

Akwai wani dattijo, tsohon malamin firamare, da jikansa ya kai masa kundinsa don ya sa albarka. Ya sa tabarau ya bi shafi-shafi, ya zo wurin, ya ɗaga kai ya ce, "Ɗan nan, wane ne Google? Ɗan wane gari ne?" Yaro ya ce, "Baba, ai na'ura ce, ita ke nemo maka abu." Tsoho ya ce, "Wato dillali ne. To je ka kasuwar Maigatari ranar Alhamis. Dillali zai kai ka har gaban saniya, ya nuna maka haƙoranta, ya yi maka ciniki, amma ba tasa ba ce. Mai saniya daban. In ka kawo ta gida, gobe aka zo cigiya aka ce a hannun wa ka saya, ka ce a hannun kasuwa, ka san inda za ka kwana." Aka yi dariya, amma maganar ta zauna. Google hanya ce ta isa ga mai magana. Mai maganar shi ake so ka ambata: mutum ne, ko hukuma, ko jarida, ko mujalla.

Wani zai ce to mene ne a ciki, ai gaskiya gaskiya ce ko daga ina ta fito. Ga misali daga jiharmu. Ka tambayi ɗalibai biyu yawan mutanen Jigawa a ƙidayar 2006. Ɗaya zai kawo maka 4,348,649, ɗayan ya kawo 4,361,002. Dukansu a intanet suka gani, kuma babu wanda ya ƙirƙira. Na farko sakamakon wucin gadi ne da aka fara sanarwa a 2007, na biyu shi ne na ƙarshe da gwamnati ta buga a 2009. In kowannensu ya rubuta "Intanet" kawai, malamin da ke duba aikin ba shi da hanyar gane wanda ya ɗauko tsohon adadi da wanda ya ɗauko tabbatacce. In kuwa aka rubuta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, da shekarar takardar, da sunanta, da inda aka same ta, gardama ta ƙare nan take. Madogara ba ado ba ce da ake liƙawa don kundi ya yi kauri. Ita ce ke ba mai karatu damar ya bi sawunka ya je ya gani da idonsa, gani kuwa ya kori ji.

Abin kuma ba shi da wahalar da muke ɗora masa. Yawancin sassan ilimi da na nazarin zamantakewa a jami'o'inmu tsarin APA suke bi, wanda bugunsa na bakwai ya fito a 2019. Wasu sassan harshe da adabi kuma na MLA suke so, ko wani tsari nasu na gida. Waƙafi da aya na iya bambanta, amma tambayoyin ɗaya ne, kuma duk irin na majalisa ne. Wa ya faɗa? Yaushe? Mene ne sunan rubutun? A wane shafi yake zaune? Ina cikakken adireshinsa? In babu sunan mutum, hukumar da ta fitar ita ce marubuciya. In babu shekara, ka bayyana cewa babu shekara, kada ka ƙaƙaba masa ta bana. In abin mai sauyawa ne, kamar shafin da ke nuna farashin riɗi ko yawan ruwan sama, ka ƙara da ranar da ka ciro shi, don gobe ba shi za a tarar ba. In maƙala ce ta mujallar ilimi, galibi tana da wata lamba da ake kira DOI, mai farawa da 10. An yi ta ne don ko mujalla ta tashi daga wannan adireshi ta koma wani, lambar ta ci gaba da kai mutum wurin. Wanda ya samu wannan lamba ya bar ta ya kwafo wani dogon adireshi ya yi asara.

Mai shagon buga takardu da ke unguwarmu ya ce abin da ya fi ba shi tausayi shi ne mai zuwa ana gobe kare kundi. "Sai ya shigo a gigice ya ce, 'Malam, don Allah taimake ni, safabaiza ya ce in kawo inda na samo wannan sakin layin.' In ce to ina ka samo? Ya ce tun bara ne, a wayar da ta faɗa ruwa. Mu zauna mu yi ta nema, data na ƙarewa, wani lokaci a samu, wani lokaci shafin ma ya ɓace." Wannan ɓacewa ba ƙaramin abu ba ne, kuma ba mu kaɗai take damu ba. Cibiyar bincike ta Pew a Amurka ta fitar da rahoto a 2024 cewa kashi 38 cikin 100 na shafukan da ke intanet a 2013 ba a iya samunsu bayan shekara goma. A lura, 2013 ita ce shekarar da aka kafa jami'armu. Wato a ɗan tsakanin nan, fiye da sulusin abin da ke intanet a lokacin ya shuɗe. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Harvard, aka buga a 2014, ya gano cewa kusan rabin adireshin intanet da Kotun Ƙolin Amurka ta ambata a hukunce-hukuncenta ba sa kai mutum ga abin da aka ambata. In haka ta samu kotun ƙoli, ina ga ɗalibin da ke Kafin Hausa?

Maganin wannan a hannu yake. Ran da ka ga abu mai amfani, a ranar za ka rubuta bayanansa biyar ɗin nan a littafi na musamman, ka sauke takardar ka adana ta a wuri biyu. Akwai ma'ajiyar Internet Archive da aka kafa tun 1996, kyauta kake iya sa ta ɗauki hoton shafi ta ajiye, ko masu shi sun goge. Akwai manhajar Zotero, ita ma kyauta, wadda ke tattara maka madogara ta jera su a tsarin da kake so. Littafi a ɗakin karatu yana jiranka ko bayan shekara talatin. Shafin intanet bai yi maka wannan alkawari ba.

Wani alaramma da ke zama da mu ya saurari duk wannan ya ce, "Wato yanzu Turawa ne za su koya mana isnadi?" Aka ce, "Allah gafarta Malam, yaya?" Ya ce tun fiye da shekara dubu malaman hadisi suka kafa ƙa'idar cewa ba a karɓar magana sai an san wanda ya ji daga wa, shi kuma daga wa, har zuwa tushe. Imamu Buhari, wanda ya rasu a shekara ta 256 bayan hijira, ya riƙa kawo hadisan littafinsa da jerin maruwaitansu. Har fanni guda aka ware na binciken su maruwaitan: wane ne mai gaskiya, wane ne mai mantuwa, wa ya taɓa haɗuwa da wa. A nan ƙasarmu ma, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya rubuta littafi a kan isnadinsa, ƙanensa Abdullahin Gwandu kuma ya rubuta Ida'un Nusukh, inda ya lissafa malaman da ya yi karatu a wurinsu da abin da ya ɗauka daga kowanne. Har gobe a zaurukanmu, in malami ya ba da fatawa, almajiri na iya tambaya cikin ladabi a wane littafi take, a ce masa a Risala, babi kaza, ko a Iziyya, ko a Askari. Babu malamin kirki da ke fushi da wannan tambaya. Alaramma ya gaskata. Ɗalibin da ke ganin rubuta madogara wani sabon nauyi ne da boko ya ɗora masa bai san gidansu ba. Ambaton wanda ka ɗauko ilimi a wurinsa amana ce, kuma malamanmu sun daɗe suna cewa a nan albarkar ilimi take.

Isnadi kuwa bai tsaya ga ambaton suna ba, har da auna mai sunan. Nan ma muna da sakaci. Ba duk abin da ke da adireshi ne ya cancanci shiga kundi ba. Saƙon da ke yawo a WhatsApp, an tura an sake turawa, babu sunan marubuci, babu rana, shi ne "an ce, an ce" na wannan zamani. Da damina, in ruwa ya yi ɓarna a yankin Haɗejiya da Auyo da Kafin Hausa, hotuna kan cika Facebook, wasu na gaske, wasu na wata shekarar, wasu ma na wata ƙasar. Mai rubutu a kan ambaliya da ya kwaso irin waɗannan bai tantance ba ya cuci mutanen da ruwan ya ci wa gonaki da gaske, domin da an kama ƙarya ɗaya sai a yi shakkar sauran. Wikipedia, wadda aka fara a 2001 kuma tana da sashen Hausa, wuri ne mai kyau na fara nema, amma kowa na iya gyara ta. Mai hankali yakan gangara ƙasan shafin ya ga inda su ma suka samo, ya bi can. Akwai kuma mujallun da kuɗi kawai suke karɓa su buga ko mene ne, ba tare da wani masani ya duba ba. Ga shi kuwa wuraren kirki ba su yi wuya ba. Google Scholar na nan tun 2004, African Journals Online na ɗauke da mujallun Afirka masu yawa, ciki har da na jami'o'in Nijeriya. In kuma hira ka yi da wani dagaci ko wata ungozoma ta waya, wannan ilimi ne mai daraja, sai dai ka faɗi cewa hira ce, da wa, a wace rana, bayan ka nemi izininsu.

Sabon baƙon da ya shigo hirar shi ne ChatGPT da ire-irensa, tun ƙarshen 2022. Wata malama da ke duba kundaye ta ce yanzu takan ga manazarta an jera su gwanin sha'awa, sunayen farfesoshi, shekara, sunan mujalla, har lambar shafi, amma in ta nema babu maƙalar a duniya. Na'urar ce ta ƙaga, domin an gina ta ne ta haɗa kalmomi masu kama da gaskiya, ba ta rantse za ta faɗi gaskiya ba. Malamar ta ce takan kira ɗalibar da ta kawo kundin ta ce, "'Yata, kawo mini wannan maƙalar in gani," sai ido ya raina fata. Wannan ma ba a kanmu aka fara ba. A 2023 wata kotun tarayya a birnin New York ta ci tarar wasu lauyoyi biyu da kamfaninsu dala 5,000, saboda sun gabatar da shari'o'i shida da ChatGPT ya ƙaga musu. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Ƙa'idar a nan gajeriya ce: abin da ba ka buɗe ka karanta da idonka ba, kada ka sa shi a manazartarka. In kuma ka yi amfani da na'urar a wani ɓangare na aikin, ka tambayi sashenku abin da suka yarda da shi, ka bayyana.

Kada dai mu ɗora wa yaran laifi duka. Da yawansu da waya kaɗai suke bincike, allo ƙarami, caji sai an kai shago, data kuma kuɗin abinci ake tsakura a saya. Da yawa sun taso tun daga sakandare ana ba su aikin gida, su kwafo su liƙa, a ba su maki, ba wanda ya taɓa cewa ina ka samo. Sai a shekarar ƙarshe a wayi gari ana yi musu barazana da satar fasaha da manhajojin kama ta, irin su Turnitin da EagleScan. Wasu kuma, mu faɗi gaskiya, mu iyaye ne ke ba su kuɗin sayen furojet da aka riga aka rubuta, a sauya sunan gari kawai, binciken da aka yi a wata jiha ya koma na Kafin Hausa dare ɗaya. Muna ganin taimako muka yi, alhali kayan aro ba ya rufe katara. Ran kare kundi tambaya ɗaya ke tona asiri, in ma ba ta tona a ranar ba, za ta tona a wurin aiki.

Saboda haka gyaran na kowa ne. Malamai su fara tun aji ɗaya, ko aikin shafi guda ne a ce sai da madogara, kuma su riƙa buɗe adireshi biyu ko uku a gaban ɗalibi don ya san ana dubawa. Ma'aikatan ɗakin karatu sun san wannan fanni fiye da yadda ɗalibai ke zato, a je a tambaye su. Masu shagunan buga takardu, ku ne na ƙarshe da ke ganin aiki kafin a ɗaure shi. In kun ga "Madogara: Google", ku ce, "Ƙanena, koma ka nemo mai maganar." Masu nazarin Hausa kuma su daidaita mana yadda za a riƙa rubuta waɗannan abubuwa da harshenmu, don ɗalibin da ke rubutu da Hausa ya san yadda zai ambaci rahoton BBC Hausa ko na Aminiya, ko wa'azin da ya saurara a YouTube, da minti nawa ne maganar ta zo. Mu iyaye kuma, ko ba mu yi boko ba, muna iya sa yaro ya karanta mana shafi ɗaya mu tambaye shi wa ya faɗi wannan, wanne ne kuma naka.

Dalilin da ya sa na damu da wannan magana shi ne, abin da aka rubuta a kan ƙasarmu bai taka kara ya karya ba. Jihar Jigawa ma sai a 1991 aka ƙirƙiro ta. Tarihin garuruwanmu, yadda ake noman riɗi da shinkafa a fadamunmu, cututtukan da ke damun yaranmu, karin harshen Haɗejiya, yawancinsu yanzu ne ake fara rubuta su, kuma waɗannan ɗalibai ne ke rubutawa. Kundin da aka ɗaure bana shi ne madogarar mai bincike na shekara ashirin masu zuwa, da shi ma'aikacin gwamnati zai kafa hujjar inda za a gina asibiti ko a haƙa rijiya. In an gina shi a kan jita-jita, kuskuren zai yi ta haihuwa daga kundi zuwa kundi, da sunan garinmu a kai. In an gina shi a kan abin da kowa zai iya bi ya tabbatar, mun bar wa na baya abin dogaro. Ɗalibin da ke zaune kan benci yana jiran layinsa ya ɗauki minti biyar ya rubuta sunan mai magana, da shekara, da adireshi, da ranar da ya gani. Haƙƙin mai ilimin ne, kariya ce ga shi kansa, kuma bashi ne da garin nan ke binsa.